Haƙoran Baba suna girgiɗi, na Baffa suna nan daram: ina RNA ya shigo cikin ciwon dasashi?

Ɗalibar Dundaye ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida malamaina da iyayena da ke wannan zaure. Ni ɗaliba ce a fannin bayokemistiri a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma tambayar da na zo da ita rabinta ta karatu ce, rabinta ta gida.

Mahaifina yana da shekara 58. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya tayar da salla bai yi asuwaki ba, domin a aljihun gaban rigarsa asuwakin yake wuni. Duk da haka, shekara biyu ke nan dasashinsa yana zubar da jini, haƙoransa na gaba na ƙasa sun yi kamar sun ƙara tsawo, har wata 'yar wushirya da ba mu san shi da ita ba ta buɗe a tsakaninsu. A babbar Sallar da ta wuce na lura yana sa wuƙa yana yayyanka soyayyen nama ƙanana-ƙanana kafin ya kai baki, yana kuma taunawa da gefe ɗaya kawai. Turminsa guda ya riga ya fita da kansa, na ɗauka na duba, babu rami babu baƙi a jikinsa. Yana da ciwon suga shekara bakwai ke nan. Wansa kuwa, wato Baffa, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, goro ba ya barin bakinsa, haƙoransa sun rine sun yi ja, asuwaki sai ranar Juma'a, amma har yau da haƙori yake ɓantarar goruba.

A makaranta an ba ni batun da zan gabatar a gaban aji a kan RNA, wato zaren da ƙwayar halitta ke kwafo saƙon gado a kansa, musamman irin waɗanda ba sa haifar da furotin, kuma cikin abin da na karanta na ga ana cewa wasu daga cikinsu suna ƙaruwa a dasashin da ya kamu da ciwo. Ina roƙon masu ilimi su fahimtar da ni aikin da suke yi a wurin, ko kuma su ne ke sa cutar ta cinye wani ta ƙyale ɗan'uwansa. Sannan ina son in ji ko akwai gwajin miyau ko wani magani da aka gina a kansu wanda zan iya nema wa Baba. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Kimiyya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba mahaifinki lafiya, ya yi miki albarka bisa wannan lura da kika yi da shi. Zan ɗauki ɓangaren da na daɗe ina koyarwa, in bar wa likitoci nasu.

Abin da kika gani a gidanku an daɗe da ganinsa a wasu wurare, har an ƙidaya shi. Harald Löe da abokan aikinsa sun bi wasu ma'aikatan gonakin shayi a Siri Lanka tsawon shekara 15, mutanen da ba su saba goge baki ba kuma ba sa ganin likitan haƙora, suka fitar da sakamakon a 1986. Kusan kowa a cikinsu yana da dauɗa a haƙora da kumburin dasashi, amma kashi 8 cikin ɗari ne kawai cutar ta ci da gaggawa, kashi 81 ta ci su sannu a hankali, kashi 11 kuwa ba ta wuce kumburi ba. Dauɗa iri ɗaya, ƙarshe daban-daban. Wannan ne ya sa aka koma duba jikin mai ciwon, domin bakteriya su ne ke tayar da faɗan, amma yawancin ɓarnar garkuwar jikin mutum ce ke yin ta. Idan bakteriya suka taru a gindin haƙori, ƙwayoyin garkuwa sukan sako sinadaran kiran yaƙi irin su TNF-alfa da IL-1 da IL-6, wasu sinadaran su tsittsinka zaren da ya ɗaure haƙori da ƙashi, sannan wani furotin mai suna RANKL ya tayar da ƙwayoyin da aikinsu shi ne narkar da ƙashi. Manomi yakan sa wa gonarsa wuta don ya ƙone ciyawa da ƙwari, kuma hakan daidai ne muddin wutar ta mutu a kan lokaci. Idan ta ƙi mutuwa, rumbu take kamawa. Ciwon da ke girgiɗa haƙori wuta ce da ta yi shekaru ba ta mutu ba.

To, ina RNA ya shigo? Littafin gadon ɗan Adam, wato DNA, yana da haruffa kimanin biliyan 3, amma abin da ake fassarawa ya zama furotin bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, ƙwayoyin gado kusan 20,000 ke nan. Lokacin da nake ɗalibi, sauran ana kiransa tarkace. Wani babban aikin bincike a kan wannan littafi mai suna ENCODE, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2012, ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na littafin ana kwafarsa zuwa RNA a wata ƙwayar halitta ko wata. Ba duk abin da aka kwafa ne yake da aiki ba, kuma masana suna jayayya a kan wannan har gobe, saboda haka kada ki tsaya gaban aji ki ce an gano amfanin komai. Amma wani ɓangare nasa aikinsa ya tabbata.

Wanda aka fi sani shi ne maikro-RNA, ɗan guntun zare mai haruffa kimanin 22. An fara gano shi a 1993 a jikin wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, a ɗakunan binciken Victor Ambros da Gary Ruvkun a Amurka, aka ɗauka wani abin mamaki ne da ya keɓanta da tsutsar, sai a shekarar 2000 aka ga irinsa, mai suna let-7, har a jikin mutum. A kan wannan aka ba mutanen biyu lambar yabo ta Nobel a 2024. Yadda yake aiki shi ne, idan ƙwayar halitta tana son furotin, takan kwafi umarnin daga DNA ta ba wani RNA ɗan aike ya kai wurin ƙira. Shi maikro-RNA, bayan sinadaran Drosha da Dicer sun datse shi daidai tsawonsa, sai ya hau wani furotin mai suna Argonaute, ya tare ɗan aiken a hanya, ya manne masa, ko dai ya hana a karanta saƙon ko ya sa a lalata shi. Galibi ba ya kashe aikin gaba ɗaya, ragewa yake yi, kamar yadda mai girki take janye itace ɗaya ko biyu daga murhu idan tuwo yana neman ƙonewa. Guda ɗaya yana iya taɓa 'yan aike ɗaruruwa, kuma fiye da rabin ƙwayoyin gadonmu masu yin furotin suna ƙarƙashin irin wannan linzami.

A batun dasashi, ki fara da wani maikro-RNA mai suna miR-146a. A 2006 ɗakin binciken David Baltimore ya nuna cewa idan ƙwayar garkuwa ta ji ƙanshin bakteriya, saƙon yakan bi ta furotin biyu, IRAK1 da TRAF6, ya isa ga NF-kB, wanda shi ne ke ba da umarnin a saki sinadaran kumburi. Abin sha'awar shi ne, shi wannan NF-kB ɗin a lokaci guda yakan ba da umarnin a yi miR-146a, wanda zai koma baya ya rage IRAK1 da TRAF6. Wato wanda ya kunna wutar shi ne ya aika a ɗebo ruwa. Ɓerayen da aka cire musu miR-146a garkuwarsu takan yi ta ruruwa har ta juyo kan jikinsu. Shi kuwa miR-155 yawanci iza wuta yake yi, domin yana rage SOCS1 da SHIP1, waɗanda su ma masu kwantar da tarzoma ne. A wajen ƙashi, miR-21 yana cikin masu taimaka wa ƙwayoyin da ke narkar da ƙashi su balaga bayan RANKL ya kira su.

Akwai wani abu da ya fi tsaya mini a rai. Bakteriyar da ake kira Porphyromonas gingivalis ba ta cika yawa a baki ba, amma ta iya dagula zaman lafiya. A 2011 an nuna cewa idan ta shiga ƙwayoyin fatar dasashi takan sa su ƙara yin miR-203, shi kuma ya rage SOCS3, ɗaya daga cikin birkunan kumburi. Da ɗan gari akan ci gari. Kumburin riba ne a gare ta, domin daga naman da ya lalace da jinin da ya zuba take samun abinci.

Dogayen RNA marasa haifar da furotin kuwa, waɗanda suka haura haruffa 200, wanda ya fi dacewa ki ambata shi ne ANRIL, da ke kan kuromosom na 9. A 2007 aka danganta wannan wuri da ciwon toshewar jijiyoyin zuciya, sai a 2009 masu bincike a Kiel ta ƙasar Jamus suka nuna cewa bambancin haruffa a wuri guda ɗin yana da alaƙa da irin ciwon dasashin da ke cin matasa da sauri. Wannan hujja ce mai nauyi, domin da haruffan gado ake haihuwar mutum, ba cutar ce ta sauya su ba. Sai dai Turawa aka auna, alhali kuwa mutanen Afirka sun fi kowace al'umma bambancin haruffan gado a tsakaninsu. Akwai kuma RNA masu siffar zobe, waɗanda wasunsu kan tsotse maikro-RNA kamar soso. Wanda aka fi sani, CDR1as, yana da wuraren kama miR-7 sama da 60.

Amsata ga tambayarki ita ce, waɗannan RNA suna cikin abubuwan da ke ƙayyade zafin martanin jiki da tsawon lokacinsa, kuma 'yan'uwa biyu suna iya bambanta a kansu. Amma a tsakanin Baba da Baffa akwai bambancin da ya fi wannan fitowa fili, wanda ke da kanki kika ambata, wato suga.

Likitar Haƙora daga Arkilla ta amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, bayani ya yi. Ƙanwata, bari in fara da abin da ya fi gaggawa. A yau babu gwajin maikro-RNA na miyau da aka amince a yi amfani da shi wajen gano ciwon dasashi, a nan ko a Turai, haka kuma babu maganin RNA na wannan ciwo a kasuwa. Duk wanda ya ce zai sayar miki da ɗaya daga cikinsu, kada ki ba shi kuɗinki. Abin da Baba yake buƙata yana nan cikin garin Sakkwato, kuma bai kamata a ƙara jinkiri ba.

Idan kun zo, wani siririn ƙarfe mai zane-zanen milimita za mu zura a hankali tsakanin haƙori da dasashi, wuri shida a kowane haƙori. Mai lafiya ba ya wuce milimita 1 zuwa 3. Daga 4 zuwa sama aljihu ya samu, kuma a cikin wannan aljihu, inda iska ba ta kai wa, bakteriyar da Malam ya ambata take zaune. Sai mu ɗauki hoton ƙashi mu ga nawa ya zaizaye. Haƙoran da kika ga kamar sun ƙara tsawo ba tsawo suka yi ba, ƙasar da ke riƙe da su ce ta janye, kamar bishiyar bakin gulbi da ruwa ya wanke gindinta har saiwoyi suka fito. Shi ya sa turmin ya fita lafiyayye: ba haƙorin ne ya ruɓe ba, mazauninsa ne ya tafi. A tsarin da aka amince da shi a taron Chicago na 2017, mukan duba matakin da ɓarnar ta kai da kuma saurin da take yi, kuma mai ciwon suga da awon HbA1c ɗinsa, wato awon da ke nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, ya kai kashi 7 ko ya haura mukan sa shi a rukunin masu saurin lalacewa. Tun 1993 Löe ɗin nan da Malam ya ambata ya kira ciwon dasashi matsala ta shida cikin matsalolin da suga ke jawowa. Abin kuma yana tafiya ta fuska biyu, domin nazarin da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya nuna wanke ƙarƙashin dasashi yana rage HbA1c da kimanin 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu.

Ina ganin girman asuwaki, kuma wanda ya iya shi bakinsa yana tsabta. Amma ba ya shiga tsakanin haƙora sosai, ba ya kai wa cikin aljihu mai zurfin milimita 6, kuma dauɗar da ta riga ta daskare ta zama kamar dutse babu asuwaki ko buroshin da zai cire ta. Abin da ya fi damuna a wurin aiki shi ne maganar da ta yaɗu cewa wankin haƙori a asibiti yana sa haƙora su yi girgiɗi. Na sha ganin dattijo ya tashi daga kan kujera ya fasa saboda wannan magana. Gaskiyar ita ce daskararriyar dauɗar ce take riƙe haƙoran da suka riga suka rasa ƙashi, idan an cire ta sai raunin da ke ɓoye ya bayyana, daga baya kuma da kumburi ya sauka yawancinsu sukan ɗan ƙara tsayawa. Ki yi wa Baba wannan bayani tun a gida. Shi ma Baffa a duba shi, domin wannan ciwo ba ya zafi sai ya yi nisa, kuma rinin goro yana ɓoye abubuwa da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa kusan kashi 19 cikin ɗari na manya, sama da mutum biliyan 1, suna da mai tsananin.

Ban ce binciken RNA ba shi da amfani a wurinmu ba, ni ma ina sa rai da shi. Ƙarfen awonmu ɓarnar da ta riga ta faru yake gaya mana, ba ya faɗa mana wane aljihu ne yake ci yanzu, ko wane matashi ne zai shiga cikin kashi 8 ɗin nan. A 2018 wani bincike daga Belgired ta ƙasar Sabiya ya sami miR-146a da miR-155 da yawa a ruwan da ke tsattsafowa daga gindin haƙoran masu ciwon, masu suga da marasa suga, kuma sun sauka bayan an yi wanki. A ɓangaren magani, tun 2018 aka amince da patisiran, maganin farko na ɗan guntun RNA mai toshe ɗan aike, amma na wata cutar gado ce da ke taɓa jijiyoyi. Gwajin MRX34 kuwa, wani magani da aka yi ta kwaikwayon miR-34 don ciwon daji, a 2016 aka dakatar da shi saboda mummunan martanin garkuwar jiki da ya yi sanadin rasa rayuka. Mu dai muna da wani sauƙi guda, shi ne aljihun dasashi wuri ne da hannu ke kai wa, ana iya ajiye magani a cikinsa ba tare da an bi ta jini ba. Masu bincike a Jami'ar Iowa sun gwada hakan da miR-200c a dasashin ɓeraye, zaizayar ƙashi ta ragu. Daga ɓera zuwa bakin dattijo mai suga kuwa akwai tafiya.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya amsa:

Malama, zan ƙara abin da hannuna ya taɓa, domin zai taimake ki ki gane dalilin da ya sa takardun da kike karantawa suke saɓa wa juna, wannan ya ce abu ya hau, wancan ya ce ya sauka.

Ruwan gindin haƙori da Likita ta ambata ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Wata 'yar siririyar takarda ake sakawa a bakin dasashi na daƙiƙa 30, abin da za ta tsotso sau da yawa bai kai maikrolita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita. Idan ɗigon jini ya taɓa ta, zubar da ita ake yi. Dalili shi ne jajayen ƙwayoyin jini cike suke da miR-451, har ma da shi muke gane samfurin da jini ya fashe a cikinsa. To ki duba, dasashin mai ciwo shi ne mai saurin zubar da jini, kuma miR-451 yana cikin waɗanda aka ruwaito sun hau a naman dasashi mai ciwo. Dole mai bincike ya tambayi kansa ko cutar ya auna ko jinin. Haka miR-223, wanda fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutirofil suke ɗauke da shi da yawa: hawansa yana iya nufin su ne suka yi cincirindo a wurin, ba wai kowace ƙwaya ta ƙara yin sa ba.

Miyau ya fi sauƙin samu, amma yana da sinadaran da ke cinye RNA. Abin da ke tsirar da maikro-RNA shi ne yana tafiya a cikin wasu 'yan ƙunshi masu kama da kumfa da ƙwayoyin halitta ke fitarwa, ko a manne da furotin. Duk da haka sai an karɓa da safe kafin mutum ya ci wani abu ko ya tauna goro, a sa a ƙanƙara nan take, a adana a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. A garin da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A wani wuri da na taɓa aiki, wuta ta ɗauke a ƙarshen mako, man janareto ya ƙare, ranar Litinin na buɗe firjin na tarar da samfuran wata huɗu sun narke. Har yanzu ina jin ciwon abin, saboda mutanen da suka ba mu amanar samfuransu.

Wajen auna yawan RNA da na'urar PCR kuma sai an sami ma'aunin da za a kwatanta da shi. Wani ɗan RNA mai suna U6 da aka saba amfani da shi a cikin nama ba abin dogaro ba ne a ruwan jiki, shi ya sa mukan zuba wani sanannen adadi na maikro-RNA mai suna cel-miR-39 tun farko, wanda asalinsa daga tsutsar nan da Malam ya ba da labarinta yake, tunda babu shi a jikin mutum.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Ɗiyata, tambayarki ita ce tambayar da muke yi kullum a kan cutar noma mai zaizaye baki da fuska. Ita ma daga kumburin dasashi take farawa, galibi a yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ko ƙyanda ta raunana, kuma cikin kwanaki kaɗan takan huda kunci. A gida ɗaya, abinci ɗaya, sai ta kama wannan ta bar ƙaninsa. Asibitin yara masu wannan cuta yana nan Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan ƙoƙarin da Najeriya ta jagoranta. Ciwon Baba daban ne da noma, amma idan Allah ya sa kika ci gaba da karatu a kan abin da ke sarrafa martanin garkuwa a dasashi, ki tuna da waɗannan yara.

Ɗalibar Dundaye ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena, Allah ya ƙara ilimi. Na karanta wa Baba bayanin Likita, musamman maganar bishiyar bakin gulbi, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce a kai shi. An auna, an sami aljihu mai zurfin milimita 7 a turame biyu, an wanke gefe ɗaya, an ce mu koma don ɗaya gefen, an kuma tura shi ya sake awon suga. Baffa ya ce sai ya ga yadda ta kaya da ƙaninsa tukuna.

Malam, abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Ka ce miR-146a ruwan kashe wuta ne, Likita kuma ta ce an same shi da yawa a wurin masu ciwon, ya kuma sauka bayan sun sami sauƙi. Idan mai kashe wuta ne, da na zaci a bakin masu lafiya zai fi yawa.

Tsohon Malamin Kimiyya ya sake amsawa:

Madalla, ɗiyata, wannan ita ce tambayar da nake fata ɗalibi ya yi. Idan kika ga mutane da bokitai sun cika wata unguwa, ba za ki ce su suka sa gobarar ba, kuma ba za ki neme su a unguwar da ba abin da ke ci ba. Tunda NF-kB ne ke ba da umarnin a yi miR-146a, duk inda kumburi ya yi yawa shi ma zai yi yawa, idan kumburi ya kwanta shi ma ya koma. Hawansa shaida ce cewa jiki yana ƙoƙarin tsayar da abin, sai dai ƙoƙarin bai isa ba, domin kullum aljihun yana ƙara aiko da sababbin bakteriya, suga kuma yana ƙara rura wutar ta wata hanyar, inda furotin da suga ya manne musu suke tsokanar ƙwayoyin garkuwa. Akwai ma wata fuska: idan birkin ya daɗe a danne, ƙwayar garkuwa takan saba da bakteriya ta rage mayar da martani, wanda hakan yana iya kare ƙashi ta wani gefe, ya kuma ba bakteriyar damar zama ta wani gefen. Saboda haka ganin abu ya hau a wurin mai ciwo bai isa ya nuna aikinsa ba, sai an cire shi ko an ƙara shi a gwaji an ga abin da ya biyo baya. Shi ya sa masu bincike suke ɗaura zaren siliki a gindin turmin ɓera don dauɗa ta taru, sannan su sa RNA ɗin a gefe ɗaya su bar ɗayan, su auna ƙashin bayan mako ɗaya ko biyu.

Ga wani abu da za ki iya rufe jawabinki da shi. A 2017 masu bincike a Koriya ta Kudu sun nuna cewa bakteriyar dasashi uku, har da Porphyromonas gingivalis, su ma suna fitar da nasu guntayen RNA masu tsawon maikro-RNA a cikin 'yan ƙunshin da ke ɓallewa daga fatarsu, kuma da aka sa wasu daga cikin waɗannan guntaye a ƙwayoyin garkuwar mutum, sinadaran da ƙwayoyin ke fitarwa sun ragu. Ki gaishe mini da Baba.

Likitar Haƙora daga Arkilla ta ƙara da cewa:

Alhamdu lillahi da aka je. Ƙanwata, zai ji sanyi yana tsira masa a haƙoran na 'yan makonni, kada hakan ya hana shi komawa. Ki saya masa ƙaramin buroshin da ke shiga tsakanin haƙora, ya riƙa haɗawa da asuwakinsa kowane dare. Bayan kamar wata uku za a sake zura ƙarfen a turamen nan biyu, ku zo da takardar awon sugan a ranar.